Kalmar da ta kori Isuhu daga asibiti

Har yau ban manta da ranar da Isuhu ya gudu daga asibitinmu ba. Tsakiyar shekarun casa'in ne, ina babban ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti a kudancin Riyad. Isuhu mutumin Maraɗi ne, yana dako a kasuwar Aziziya. Ya dawo daga Jidda da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, likita ya yi zargin denge, cutar da sauro ke yaɗawa, muka aika jininsa babban asibiti.

Da sakamakon ya iso, akawu ya miƙa masa ba bayani. Isuhu ya tsinci kalma ɗaya ta Larabci, "ijabi", wato an sami abin da ake nema. A sanin leburori, wanda aka rubuta wa wannan kalmar iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, sai tarhil, a kora shi gida. Ya fice.

Na duba kwafin sakamakon da ke hannunmu. Gwajin denge yana neman alamu biyu: ɗaya na nuna an taɓa kamuwa a da, ɗaya kuma cutar tana jiki yanzu. Isuhu yana da duka biyun, ga ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna ta raguwa. Likita ya ce, "Ka san yarensu, nemo shi."

Na same shi a ɗakinsu a Manfuha yana ɗaura takalmi zai tafi aiki.

"Alhaji, na warke, zazzaɓin ya sauka. Don Allah kada kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya ji."

Na ce, "Buɗe bakinka." Dasashinsa na tsattsafo da jini.

"Isuhu, denge ba ta cikin cututtukan da ake korar mutum saboda su. Amma lokacin da zazzaɓin ya sauka shi ne mafi hatsari. Ka ɗauki buhu yau, jini na iya ɓalle maka a ciki."

Ya daɗe yana kallona. "Ka rantse ba za a mayar da ni ba?"

Na rantse. Ya biyo ni, aka kwantar da shi, aka yi ta ƙara masa ruwa. Kullum ina ɗibar jininsa ina gaya masa yadda ƙwayoyin ke ƙaruwa, har ya riƙa tarar ni da "Yau sun hau?" Aka sallame shi, ya koma kasuwa.

Ku da kuka shigo aikin nan, sakamako bai kammala ba don injin ya fitar da shi. Sai mai jinin ya fahimce shi da harshensa. Tun daga ranar ban sake barin kowa ya karɓi nasa a tsaye ba, sai ya zauna an yi masa bayani.