Majinyacin Gunnvor Ba Ya Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya Gunnvor Hetland ta yi tana aikin jinya a sashen tiyata, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Sai aka mai da ita malama a makarantar koyon jinya da ke bayan tashar jirgin ruwa, aka haɗa ta da majinyaci guda tak, shi ma na roba. Sunansa Arnfinn. Yana numfashi, yana ƙifta ido, har gumi yake yi in an danna masa, amma magana sai da bakin malami. Gunnvor kan zauna bayan gilashin da ɗalibai ba sa hango ta, abin magana a gabanta, burodi da cuku mai ruwan ƙasa a gefe, ta riƙa nishi a madadinsa.

"Ni da na riƙe hannun masu cikawa sun fi ɗari," takan ce wa Bodil, mai sarrafa na'urar da ke motsa Arnfinn, "yau ga ni da furfurata ina yi wa 'yar tsana kukan ciwon ciki."

Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: a bar ɗalibi ya tafka kuskurensa, ko da Arnfinn zai mutu, sannan a zauna a tattauna. Gunnvor ta san haka sarai, ita ce ma ke karanta wa sababbin malamai. Amma wanda ya tsufa a bakin gadon majinyata, bai iya zuba ido ba. Da ta ga ɗalibi ya rikice, sai Arnfinn ya buɗe baki: "Yarinya, ko za ki leƙa ƙarƙashin bargon nan?" Ko kuma: "Ɗan nan, da ni ne kai, da tuni na kira likita."

"Duk Norway babu majinyaci mai ilimi kamar naki," in ji Bodil. "Shekara biyu ina fama in kashe shi, kin hana. A ba shi takardar shaida mu huta."

Gunnvor ta yi dariya. A ranta yabo ta ɗauke shi.

Ran jarrabawar ƙarshen zango, shugabar sashe ta zauna tare da su bayan gilashi, ta kuma ja kunne tun da safe: ban da nishi, kada Arnfinn ya ce uffan. Ta uku a layi ita ce Eirin Tveit, yarinya mai sanyin murya da tsabtar aiki, wadda Gunnvor ke ji da ita. In ta faɗi, 'yan ajinsu za su tafi asibiti koyon aiki su bar ta, ta maimaita wata shida.

An ce mata an yi wa Arnfinn tiyata jiya. Bodil ta danna, bugun zuciya ya hau, awon jini ya fara sauka. Eirin ta ɗaga bargo ta ga jini, ta auna komai daidai. Saura ta ɗauki wayar bango ta kira likita. Ta dubi wayar, sannan ta sunkuya kan fuskar robar.

"Arnfinn, yaya kake ji?"

Gunnvor ta yi nishi. Eirin ta gyara masa matashi, ta sake tambaya, ta tsaya tana kallon bakinsa. Gunnvor ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya, tsoro ya kama ta kamar mutum ne da gaske. Minti huɗu aka yi a haka, Arnfinn ya cika.

A ɗakin tattaunawa Gunnvor ta tura wa Eirin kofi, ta yi tambayar da aka tsara a fara da ita: me ya zo miki a rai lokacin?

Eirin ta share hanci. "Na san tafiya yake yi, Gunnvor. Tun da na ga jinin na sani. Jira nake ya ce in kira. Ai kullum shi yake gaya mana."

Kunya ta rufe Gunnvor har wuya. Ta dubi shugabar, ta ce a rubuta cewa malamar ce ta faɗi. Shugabar ta ce za ta rubuta, amma takardar da ke gabanta sunan Eirin ne a kai.