Akwatin da Maƙeri Ya Goge

Bayan an rufe ramin haƙar yuraniyam na Akokan aka sallame mu daga labo, ɗakin gwaje-gwajen kamfani, ban fito da komai ba sai 'yar kwalbar maganin gwajin ruwa da ta kusa ƙarewa. Zaman banza ya ishe ni, na haɗa na'ura da kwali, da reza biyu, da guntun faifan sede na waƙoƙi. Haske ya bi ta tsakanin rezojin, ya ratsa ruwan da aka ɗiga wa magani, faifan ya baje shi kamar bakan gizo. Launin da ya dushe shi ke gaya maka abin da ke cikin ruwan.

A ɗaki lafiya lau take aiki. Fita da ita waje, wayyo! Ranar Arlit ta narkar da danƙon da na liƙe ta da shi, hanya ta jijjiga rezojin suka karkace. Na ɗaure da roba, robar ta tsinke. Na sha cillar da ita bayan katanga, in huce in je in ɗauko.

Wani dattijo mai lambu, mutumin Abzin, ya matsa mini. Fari ya ƙafar da rijiyarsa, dattijon ya ƙara mata zurfi, ruwan da ya fito kuwa yana da wani ɗanɗano. Jikokinsa shi suke sha.

"Malam, ka zo ka duba. In ba ya da kyau mu tashi."

Maganin saura na gwaji ɗaya, kuma tun da tawaye ya lalata hanya ba mai kawo wani. Don haka na kai wa wani maƙeri na'urar, na ce ya yi mata akwatin ƙarfe. Na shafe cikin akwatin da baƙin tukunya don kada haske ya yi yawo, na kafa faifan da hannuna, na ce ya liƙe murfin kawai. Ya liƙe, har da zane a gefe. Ina karɓa na hau moto.

A bakin rijiya na ɗiga maganin, na kai ido. Fari fat. Ba ja, ba kore, ba komai. Na ɓamɓare murfin da wuƙar dattijon, sai walƙiya ta dake ni. Maƙeranmu ba sa barin abu ya bar hannunsu da dauɗa. Bawan Allah ya wanke baƙin tas, ya goge faifan da toka kamar zoben azurfa, har ya cinye layukan da ke raba hasken. Wallahi na ji kamar in yi kuka don haushi. Launin maganin kuwa yana ta gushewa a hannuna.

"Me akwatin ya ce?" in ji dattijon.

"Bai ce komai ba, Baba."

Sai ya jawo guga, ya cika kwano, ya miƙa wa ƙaramar jikarsa da ke jan rigarsa tun ɗazu.