Lambar da Inna Ta Goyo Ni Muka Karɓo

Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibin Shari'a ne a Alƙahira, ina shekarar ƙarshe, muna haɗa hayar wani gidan sama a Abbasiya da 'yan uwana ɗalibai daga Arewa. Ina da baki, ina da ji da kai, kuma na ɗauka babu tambayar da za ta gagare ni. Na auri wata Bahaushiya haifaffiyar Amurka da ta zo unguwar Madinat Nasr koyon Larabci. Da ta gama ta koma gida da ƙaramin ciki, ta shigar mini da takardun neman bizar zama. Burina ɗaya ne a duniya, in isa wurinta kafin ta haihu, ni in yi wa ɗana kiran salla a kunne.

Takardar neman bizar ta intanet ake cika ta, ga tsawo ga bin ƙwaƙƙwafi. Ina ta cikawa ina fito, har na iso inda ake tambaya ko an taɓa nema mini lambar soshiyal, wato lambar da gwamnatin Amurka take ba mutum sau ɗaya a rayuwarsa, da ita ake aiki, da ita ake biyan haraji. Nan hannuna ya tsaya. Gaskiya ne na taɓa zama a Amurka ina ɗan ƙarami, lokacin da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya je karatun aikin gona ya tafi da ni da mahaifiyata, kuma na riga na rubuta haka a saman takardar. Amma abin da nake iya tunawa na ƙasar bai wuce wani jan keke ba. Lamba kuwa, ban san ko an ba ni ba, balle in san ta.

Sai na yi abin da muka saba, na ajiye wa 'yan ɗakinmu maganar a tsakiyar farantin kushari, abincin Masarawa. Duk wanda ya zauna da ɗaliban fiƙihu ya san abin da ya biyo baya. Wani ya ce an ɗauke alƙalami a kan mai mantuwa. Wani ya ce asali shi ne babu, sai hujja ta zo. Na uku, ɗan Zariya mai taurin kai, ya ce shakka ba ta gusar da yaƙini, aka tambaye shi ina yaƙinin yake a nan, ya koma kan kusharinsa. Har aka ɗauke wuta aka dawo da ita muna abu ɗaya. Daga ƙarshe majalisa ta yanke cewa in zaɓi a'a, halas. Na zaɓa, na tura, muka tafa kamar mun ci jarrabawa.

Matata ce ta watsa mini ruwan sanyi. Da na ba ta labari ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce jami'in biza bai karanta littattafanmu ba, kuma idan sunana yana cikin kwamfutarsu alhali na rantse cewa babu, ana iya ɗauka ƙarya na yi da gangan, a rufe mini ƙofa gaba ɗaya. Ta ce yara da yawa an karɓa musu lambar saboda takardun iyayensu. Sannan ta yi tambayar da nake gudu tun farko, me ya hana ni tambayar mahaifiyata, Inna.

Abin da ya hana ni shi ne, ni ɗan fari ne. A gidanmu ana riƙe da wannan kunya da gaske. Tun da muka dawo daga Amurka kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana a kan idona ba, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan na Masar. Idan na buga waya na gaishe ta, za ta amsa a taƙaice, ta sa mini albarka, ta miƙa wa ƙanwata. Ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba, don kilishi da yaji ba su taɓa yanke mini ba a Alƙahira. Amma in zaunar da ita in ce ta ba ni labarin yarintata? Na gwammace in yi ta muhawara da 'yan ɗaki har gashina ya yi fari.

Ranar ganawa da jami'an biza a ofishin jakadanci tana matsowa, abinci ya daina shiga. Wata Juma'a bayan an sauko na hau rufin gidanmu, inda waya ta fi kamawa, na kira ƙanwata na roƙe ta ta zama tafinta tsakanina da uwar da ta haife ni. Ina jin muryar Inna daga nesa tana cewa a gaya wa wancan an karɓa masa katin lambar. Na ce a tambaye ta ina katin yake, ta ce a gaya masa gara ta cinye shi tare da littattafan marigayi tun shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Na ce a tambaye ta ko ta tabbata, don rantsuwa zan yi a kai.

A nan ƙanwata ta fara kwaɓa labarin. Inna ta ce bas suka hau, ita ta ce mini jirgin ƙasa. Inna ta ce ƙanƙara ke zuba, ita ta ce ruwan sama. Ina ji ana ƙaramin kokawa, sai kawai muryar Inna ta cika mini kunne, tana cewa wannan yarinya ba ta iya saƙo ba. Ta ce ranar sanyi ya yi tsanani, Baba yana da jarrabawa, sai ya kai mu ƙofar ofishin ba da lambar ya ruga makaranta. Ta goya ni da zane, ta ɗora ƙatuwar kwat ɗinsa a kai har ta rufe ni ruf. Da layi ya zo kanta, baturiyar da ke teburin ta leƙa hagu ta leƙa dama tana tambayar ina yaron. Inna ta juya baya ta yaye kwat, sai ga ni ina barci, bakina duk biskit. Ta ce ofishin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har wani tsoho ya tafa.

Ta ci gaba, murya ta yi laushi. Ta ce a can babu kaka, babu goggo, babu wanda za ta ji kunyarsa, daga ita sai ni a ɗaki tun safe har yamma, ita ke yi mini wanka, ita ke yi mini rawa in na yi kuka. Ta ce baturiyar ta tambaye ta sunan yaron, babu mai amsa mata, dole ta faɗa da bakinta, har ta maimaita don matar ba ta ji da kyau ba. Tana cikin kwaikwayon yadda ta faɗa, sai ta faɗe shi. Sunana, cikakke, a bakin Inna. Sai ta yi gyaran murya ta ce kuɗin waya na ƙarewa, ta miƙa wa ƙanwata, wadda ke ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa na zauna a gindin tankin ruwa na yi kukan daɗi irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Ranar ganawa, kafin in ɗaga hannu in rantse, na gaya wa jami'ar cewa akwai amsar da na ba da ba daidai ba, ina so a gyara. Na ce an taɓa ba ni lambar ina goye, amma ban san ta ba, katin kuma ya lalace. Ta ce mantuwar lamba ba laifi ba ne, akwai wurin da mutum zai nuna bai san ta ba, kuma idan na isa tsohuwar lambata za a sake buga mini. Ta gyara nan take. Da ta tambayi yadda na gano, na ba ta labarin kwat, ita ma ta dara. Aka ba ni biza. Na biya ta wajen mai kunafa, wani kayan zaƙi, na saya wa majalisar muftayenmu tire guda, ɗan Zariya yana ci yana cewa ai shi dama ya faɗa.

Na isa matata tana da tsohon ciki, kuma ni na yi wa ɗana kiran salla a kunne. Katin ya iso ta gidan waya bayan suna, na daɗe ina kallon lambar da na yi shekaru ina da ita ban sani ba.

Shawarata ga masu cika irin wannan takarda, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, kada ku mai da mantuwa ta zama a'a, kuma kada ku karɓi fatawar abokai a kan abin da aka yi ba sa nan. Idan kun riga kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku kafin a tambaye ku. Ga 'ya'yan fari irina kuma, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma ku tambayi iyayenku mata tun suna da rai. Na kusa rasa haihuwar ɗana don ina jin nauyin tambaya ɗaya. Har yau Inna tana ce mini wancan na Amurka, ban kuma damu ba, don na ji yadda sunana yake a bakinta.