Tagar da Yaya Ya Toshe

Saniya ɗaya ta rage wa Inna, wata ja mai farin goshi. Jikar jikar wadda aka ba Inna ranar sunanta ce, tun suna zaune a ruga wajen Gwiwa, kafin mahaifinmu ya dawo da mu cikin garin Roni. Sauran duk sun tafi, wata a ciwo, wata a hidimar biki, wata a rashin abinci. Shekarar da nake ba da labari jar tana da ciki, rani kuma ya yi tsanani, harawa da dusa sun yi tsadar da ba a magana. Yayanmu, wanda ya zama babba a gidan bayan rasuwar Baba, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in ta ci gaba da ramewa zai kai ta kasuwa tun tana da sauran nama a jiki.

Ni malamar firamare ce, ba manomiya ba. Amma na taɓa zuwa wani horo a Kazaure inda aka nuna mana yadda ake tsirar da ciyawar dabbobi cikin ɗaki ba tare da ƙasa ba. A jiƙa hatsi, a baza shi a farantan roba masu huji, a riƙa yayyafa ruwa, cikin mako guda ya tashi kore shar, saiwarsa ta sarƙe kamar tabarma, a ɗaga a ba dabba ta cinye duka. Mai koyarwar ya ce abu ɗaya ke kashe wannan aiki, shi ne rashin iska. In danshi ya zauna cikin ɗaki bai sami hanyar fita ba, fumfuna za ta kama hatsin, kuma abin da ya yi fumfuna ba a ba dabba, balle mai ciki.

Akwai wani ɗaki a ƙuryar gidanmu da muke jibge tarkace, shi na share. Na daɗe ina shiga ina fita ina kallon bangwayensa kafin na sa a taɓa komai. Kantoci na sa kafinta ya yi layi biyu, ya janye su daga jikin bango domin iska ta zagaya bayansu, ya bar hanya a tsakiya yadda mutum zai wuce da bokiti. Kowane faranti ya ɗan karkata, ruwan da ya tsiyaye ya bi kwata ya fita waje, inda na dasa wa Inna yakuwa. Daga ƙasa, gefen da inuwar dalbejiya take, magini ya huda ƙofar iska, muka sa raga saboda ɓeraye. Iska mai zafi kuwa sama take tashi, don haka dole a yi mata mafita a can sama, a bangon da ke fuskantar wancan. Nan aka fasa 'yar taga, na ɗaura mata ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana, tana zuƙo danshin tana fitarwa.

Wannan bangon shi ne iyakarmu da maƙwabcinmu, wani malamin allo mai iyali. Na san da haka, shi ya sa na sa aka kai tagar dab da rufin kwano. Faɗinta bai wuce faifai ba, fanka ta cike ta, raga ta rufe fankar. Ko raƙumi ne sai ya yi ɗage kafin ya leƙa, in ya leƙa ma fukafukan fanka zai gani.

Abin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Da dawa na fara, daga baya na haɗa da masara. Ranar da na ɗago tabarmar farko na kai wa jar, Inna ta tsaya riƙe da baki tana kallo.

"'Yar nan, damina kika kulle a ɗaki?"

Ba a jima ba saniya ta fara murmurewa, gashinta ya kwanta. Inna ta karɓe aikin ban ruwa, ta ce hannuna na alli ne. Da safe takan buɗe ƙofar ɗakin ta tsaya kawai tana shaƙar ƙamshin.

Yaya kuwa tun ranar da ya ga tagar fuskarsa ba ta saki ba. Ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutum ne mai son a ce ya san ya kamata. In za a yaba masa a majalisar ƙofar gida, to zai iya cire hular kansa ya bayar, ya dawo cikin gida ya ce wa matarsa ta nemo masa wata.

"Ke yanzu ba ki ji kunya ba," in ji shi, "ki fasa taga cikin gidan mutane, inda matan aure suke?"

"Yaya, ka zo ka hau kujera ka duba. In ka hango ko tsintsiya a gidan, ni da kaina zan toshe."

"Ba sai na hau ba. Abin da ba a yi, ba a yi."

Na yi masa bayanin iska da danshi har bakina ya bushe. Ya ce ga ƙofa nan, ga hujin ƙasa, iska nawa ciyawa za ta sha? Na ce iskar da ta shigo sai ta sami inda za ta fita. Ya ce ta fita ta inda ta shigo, kamar kowane baƙo mai mutunci. Ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai ya fice.

Sai aka tura mu Kazaure wani taron bita na malamai, na kwana biyu can. Kafin na tafi na cika farantai duka, na zuba sauran hatsin da na tanada, domin jar ta kusa haihuwa, ina so ta sami wadata.

Da na dawo, tun daga tsakar gida na ji warin, irin na tuwon da ya kwana cikin zafi. Na buɗe ƙofa, zafi ya bugi fuskata. Bango na gumi, rufi na ɗiga. Farantan nan daga sama har ƙasa sun yi fari fat, wasu sun koma baƙi. Na ɗaga kai, babu taga. Bulo da siminti, an shafe sumul, har da gyara gefe. Fankata kuma an ajiye ta a kan ɗaya daga cikin kantocin, an naɗe wayarta tsaf, wai kada ta lalace.

Inna na tsaye bayana da bokiti a hannu. Duk kwanakin nan tana ban ruwa. Da ta ga abin yana fari sai ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara ruwa.

"Inna, kina ina aka yi wannan?"

"Ina nan."

"Ba ki ce komai ba?"

Ta sunkuyar da kai. Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ko ruwa zai sha sai dai ta aika a kai masa. Haka aka tashe ta, haka uwarta ta yi. Tana zaune kan tabarma magini ya wuce ta gabanta da kwanon siminti, saniyarta na ɗaure a gefe, kuma kunyar ɗan fari ta hana ta buɗe baki. Yaya kuma ya san ba za ta buɗe ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa. Ya jira mai baki ta tafi, ya yi aikinsa gaban wadda ba za ta iya ce masa kul ba.

Na same shi a zaure, ban ko gaishe shi ba, kuma ban yi nadama ba.

"Wa ya kawo ƙara?"

"Sai an kawo ƙara? Mutumin kirki ba ya jira maƙwabci ya yi magana."

"To mu je mu tambaye shi."

"Ki zubar mini da mutunci? Na riga na gaya wa jama'a na gyara. Muddin ina gidan nan ba mai taɓa bangon nan."

Na wanke farantai da ruwan zafi, na shanya, na sayo ɗan hatsi na sake gwadawa da ƙofa a buɗe. Kaji suka shiga, ƙudaje suka bi, fumfunar da ta riga ta shiga katako ta dawo. Na fito da kanta ɗaya ƙarƙashin dalbejiya, rana ta ƙone tsiron. Jar ta saba da ɗanye, ta ƙi kara, ƙashin bayanta ya fito. Ranar kasuwa Yaya ya zo da dillali. Ya ce tausayin Inna yake ji, kada ta yi asara biyu. Inna ta shige ɗaki tun kafin a kwance igiyar a tafi da jar.

Da yamma sai ga mahaifiyar maƙwabcin namu, tsohuwa ce tukuf, ta dogaro sandarta ta zo jaje. Ta zauna kusa da Inna, sannan ta juyo gare ni.

"Malama, ni kuwa ina so in tambaye ki, me muka yi muku kuka toshe 'yar tagar nan?"

Na ce, "Goggo, ai cewa aka yi tana damun ku."

"Wa? Mu? Ƙarƙashinta nake shimfiɗa tabarmata. Iskar da ke fitowa ƙamshin ɗanyar ciyawa take, sai in rufe ido in ji kamar ina rugarmu ana ruwan farko. Da na ga an liƙe, na ce wa ɗana ya zo ya ba ku haƙuri ko yaranmu ne suka yi ɓarna. Ya ce yana jin nauyin yayanki."

Inna ta tashi ta ɗauki bokitinta, ta cika shi a randa kamar kullum, ta nufi turke. Sai da ta kai tsakiyar gida ta tsaya.