Mitar Rijiyar Bayan Yankara

A shekarun da hanya ta lalace, aikina shi ne kula da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana: ɗaya kusa da Mabai, ɗaya ta wajen Sabuwa, ɗaya kuma a wani ƙauye bayan Yankara. Ni a Kankara nake zaune. Da can mako-mako nake zagaya su a kan babur. Da aka fara tare mutane a hanya, kowace fita sai na yi sallama da iyali har da neman gafara. Na gaji, ba a jiki kaɗai ba.

Sai na yi dabara. Kowace rijiya na haɗa mata mitar auna wuta a cikin ɗan akwati, da layin waya a jikinta, da wayoyi biyu, ja da baƙa, da ake maƙalawa a kan batir. Da safe in na sha koko sai in buɗe kwamfuta. Ita ke fara tambayar mita: wace ce ke? Mita ta faɗi lambarta. Sannan ta ce: nawa kika auna? Mita ta turo. In sabis ya ɗauke, kwamfuta ta jira ta sake tambaya, ko tsaki ba ta yi. Ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba.

Mai gadin rijiyar bayan Yankara wani dattijo ne, shi ne kuma ladanin ƙauyen. Ranar da na kafa akwatin yana tsaye a kaina yana kallo, ni kuma baki ya ja ni. Na ce, "Baba, in wuta ta yi ƙasa, wannan za ta gaya mini tun ina gida, ranar zan taho." Ya jinjina kai.

Batir mai jan famfo yana da halinsa. Da safe yana ƙasa, da rana ya haura, in an tara tanki ya sake saukowa. Amma da damina ta yi tsakiya, awon wannan rijiyar ya daidaita, kullum cike, har ranar hadari. Mako uku haka. Na gani. Na kira Baba sau ɗaya, ya ce, "Lahiya lau, ɗana." Na rufe kwamfuta na yi hamdala.

A wurin wani suna na haɗu da 'yar ƙanen mahaifina da ke aure a ƙauyen. Ta zo da 'yarta asibiti, gudawa ta zuge yarinyar, idanu sun faɗa. Na tambayi ruwan da suke sha. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Na tabki mana, Yaya. Ai famfo ya daɗe da tsayawa."

Washegari na bi motar 'yan kasuwa, bakina bai bar addu'a ba har muka sauka. A ɗakin rijiya na tarar da batura sun mutu, babu akwati. A masallaci na same shi, an lulluɓe shi da tsohuwar darduma, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, a jikin batirin lasifikar kiran salla. Ko ni iyakar yadda zan haɗa ke nan. Mako uku kwamfutata tana gaisawa da lasifika.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Kai ka hwaɗa mani in wuta ta yi ƙasa za ka taho. A makon da famfo ya tsaya aka ɗauki mutum biyu a kan hanyar. Na ce mu sha tabki, mun saba. In an tare ka saboda ruwanmu, da wane ido zan dubi uwarka?"

Na gaya masa halin da yarinyar ke ciki. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Laihina ne ni kaɗai. Kai ai abin da na'ura ta hwaɗa maka ka sani."

Na durƙusa ina kwance wayoyin, ban ɗago ba. Na san halin batir kamar yadda na san yunwar cikina, kuma tun makon farko na gane awon nan ba na rijiya ba ne. Ban gaya masa ba. Har ya rasu yana zaton shi kaɗai ya yi.