Jan Ɗigo a Filin Fetanki

A shekarun da na yi ina aiki a ma'aikatar noma ta Mayayi, akwai wani fili mai tsakuwa a bayan buronmu, wato ofishinmu, da itatuwan bedi uku a gefensa na yamma. Can muke buga fetanki kullum bayan la'asar har a kira magariba. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana zana da'ira a ƙasa, mutum ya tsaya a ciki ya jefa wani ɗan ƙwallon icce da muke kira bushon, sannan ɓangarori biyu su riƙa jefa ƙwallayen ƙarfe, wato bul. Wanda bul ɗinsa ya fi kusa da bushon shi ke da maki.

In bul biyu suka tsaya yadda ido ba ya iya raba su, wasu sukan karyo tsinke su gwada, shi kuma mai farmasin bakin kasuwa, wanda ya fi kowa zafin wasa, yana da metir irin na tela a aljihunsa. Amma ba kasafai ake kai wa nan ba, saboda muna da wani dattijo, tsohon direban farfe, wato shugaban gundumarmu, da ya daɗe da ajiye aiki, wanda dukanmu muke ce wa Baba. Yakan durƙusa, ya runtse ido guda, ya nuna bul ɗin da ya ci da haɓarsa. A farkon zuwana na ga an bi bayansa da metir sau biyu ko uku, kullum sai a tarar da gaskiyarsa, daga nan aka daina.

Wata shekara bayan girbi aka turo mana wani ma'aikaci daga Yamai, mai awon ƙasa, don aikin yanka filaye a gefen gari. Matashi ne mai sanyin magana, kuma ya iya jifa daidai gwargwado. Ya yi kamar mako biyu yana wasa da mu kafin ranar da ya ciro wani abu mai ruwan ɗorawa daga jakarsa, bai fi wayar hannu girma ba. Ya tsaya cikin da'ira, ya sunkuya, ya danna. Wani ɗan jan ɗigo ya sauka a jikin bushon. Ya duba fuskar abin ya ce metir takwas da santi goma sha biyu ne, sannan ya jefa bul ɗinsa.

Mai farmasi ya tsayar da wasa nan take. Ya ce kintacen nisa shi ne rabin fetanki, wanda ya bar na'ura ta yi masa kuwa daidai yake da ɗan lakwal da ya shiga jarrabawa da amsa a tafin hannu. Mai awo bai ji haushi ba. Ya ce na'urar lamba kawai ta ba shi, ba ta riƙe masa hannu ba, kuma ga ta nan, duk mai so ya ɗauka. Daga nan ya ba mu labarin wani wasa da yakan raka wasu injiniyoyi su buga a wajen Yamai, golf, inda ake dukan ɗan farin ƙwallo da sandar ƙarfe a bi shi har cikin rami mai nisa. Ya ce su ma suna da wani abu kamar madubin hangen nesa da ke faɗa musu nisan ramin, kuma gardamar nan tamu ita ce tasu. Wasu na cewa mai wasan sha'awa ya fi kowa bukatarsa, tunda manyan ƴan wasa suna da mai ɗaukar musu jaka wanda ya san filin taki-taki, shi kuwa ba shi da kowa. Wasu kuma na cewa in an ɗauke wa mutum wahalar kintace, an ɗauke masa abin da ya fito nema.

Ban taɓa ganin golf ba sai a tele, amma maganar ta tsaya mini a rai. Abin da nake son sani shi ne ko lambar tana taimakon hannu da gaske. Na roƙe shi aron na'urar, na zo filin ni kaɗai ranar Lahadi da hantsi. Sai in jefa bushon, in jefa bul uku ba tare da awo ba, in sake jefa bushon, in auna, in jefa uku. Na yi ta yi har kafaɗata ta soma ciwo. Ban ga wani bambanci ba. Lambar takan shiga kaina ta zauna, hannuna bai san abin da ake nufi da takwas da sha biyu ba. Sai dai na gano wani abu da ban je nema ba: duk lokacin da na jefa ta wajen itatuwan bedi, nisan da nake zato ya gaza na gaskiya da kusan taki guda, mai yiwuwa saboda ƙasar ta ɗan gangara ta can. Shekara nawa ina jifa gajere a wannan gefen ina zargin tsakuwa.

Da na faɗa musu washegari, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Mai farmasi ya ce na tabbatar da na'urar ba ta da amfani, mai awo ya ce na tabbatar da tana koyarwa. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa ba mai auna nisa kafin ya yi jifa, amma in an gama jifa aka yi gardamar wanda ya fi kusa, ana iya ciro ta. Ko hakan ma ba ta zo da sauƙi ba. Bul yana da sheƙi kuma a mulmule yake, ɗigon sai ya yi ta zamewa, lambar na canzawa. Dole mai awo ya riƙa jingina kwalin ashana a jikin bul ɗin don ɗigon ya samu wurin tsayawa.

Duk wannan lokacin Baba bai bar alƙalancinsa ba. Yakan durƙusa kamar kullum ya nuna da haɓa, wani lokacin a bar shi a haka, wani lokacin wanda aka kayar ya nemi a auna. Sau ɗaya na'urar ta saɓa masa, aka ce kwalin ashana ne ya karkace. Ta sake saɓa masa bayan kwana biyu. A karo na uku mai farmasi ya fusata, ya ciro metir ɗinsa don ya wanke Baba ya kunyata na'urar. Ya auna bul na farko, ya auna na biyu, ya sake aunawa. Sai ya naɗe metir ɗin a hankali ya mayar aljihu, ya ce a ba ɗaya ɓangaren makinsu. Tazarar ta kai faɗin yatsa biyu. Aka ci gaba da wasa, amma ba wanda ya ƙara yin dariya ranar.

Da aka kira salla na bi Baba zuwa masallaci, don hanyarmu ɗaya. Mun kusa kaiwa ya rage tafiya.

"Malam, ɗigon nan da kuke faɗi, ja ne da gaske?"

Na ce ja ne, Baba, kamar garwashi.

"To ni ban taɓa ganin shi ba," in ji shi.

Ya gaya mini ya fi shekara yana gani kamar ta cikin hayaƙi, idon dama ya fi muni, kuma ko iyalinsa bai faɗa wa ba. Na tambaye shi to ta yaya yake raba mana gardama duk wannan lokacin. Ya ce yana hango bul ɗin dishi-dishi, sauran kuma a jikinmu yake karantawa. Wanda ya san ya ci yakan matso kusa da shi ya yi shiru, wanda ya san an kayar da shi yakan tsaya nesa yana yawan magana. Ya ce ni ne na fi kowa sauƙi, don in na san ban ci ba sai in soma goge bul ɗina da tsumma. Na rasa ko in yi dariya ko in ji tausayi, sai na tambaye shi ko ya yarda in gaya wa mai farmasi. Ya ce in gaya masa, amma ban da filin wasa.

Da safe mai farmasi ya je gidansa, ya duba idon a bakin ƙofa inda haske yake, ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta. Shi da mai awo, waɗanda suka kwashe wata guda suna musu, su suka kai shi Maraɗi a mota ɗaya. Aka yi wa ido guda aiki, bayan wani lokaci aka yi wa ɗayan.

Kafin ya warke muka je Tasawa wasan sada zumunci da ma'aikatan can. Tun kafin a fara suka ce sun ji labarin na'urarmu, kuma a filinsu ba ta fita daga jaka. Abin awonsu wani ƙarfe ne mai ƙafa biyu da maƙerin unguwarsu ya ƙera musu, a buɗe shi tsakanin bushon da bul, a ɗaure da ƴar ƙusa, a kai wa ɗaya bul ɗin. Mai awo ya karɓe shi yana jujjuyawa, ya ce a tazara ƙarama irin wannan ya fi nashi aminci, tunda ba ruwansa da sheƙi. Sun lallasa mu ranar, shi kuwa mai awo duk hanyar komowa zancen maƙerin yake.

Baba ya dawo fili da tabarau, amma bai koma durƙuson alƙalanci ba. Ya ce ya gaji, jifa yake so. Ranar farko ya nemi a danna masa na'urar a jikin bango, ya daɗe yana kallon ɗigon, ya ce ashe ɗan mitsitsi ne haka. Shi ya ƙirƙiro mana wani sabon abu kafin a fara wasa: a jefa bushon, kowa ya faɗi nisan da yake zato, sannan a auna. Wanda ya fi kowa dacewa kusan kullum shi ne mai farmasi, kuma daga baya shi ke fara cewa a ciro abin.

Har yau in aka tambaye ni ko na'ura ta dace da wasan sha'awa, ba ni da amsa guda. Ban so a riƙa auna nisa kafin jifa ba, kuma ban yi nadamar Lahadin nan da na yi da ita ba. Da aka canza wa mai awo wurin aiki ya tafi da ita, don ta ma'aikatarsu ce. A yammacinsa na ƙarshe wani ya ce a auna mana tsawon filin gaba ɗaya, tunda ba wanda ya sani. Na ce metir ashirin da biyar. Ya tsaya a gindin bedi ya haska bangon buro, ya karanta goma sha tara da ƴan santi.