Tafin da Na Hana Evaristo

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ƙanwata Nelida ta bugo mini waya daga Tupungato, garin manoman inabi, ta ce mijinta, Evaristo Lucero, ya cika. Sai da ka ga an gama tsinkar inabin bana sannan ka tafi, Evaristo. Ko mutuwa ba ka yi mata gaggawa ba, kamar yadda ba ka taɓa gaggauta nama a kan wuta ba.

Ni mutum ne da ya daina tafa wa kowa. Na yi jami'a, na koyar da tarihi, na tafa wa masu alkawari har hannuna ya yi ja, ƙarshe suka bar mu da iska. Sai na rantse ba zan sake tafa wa ɗan Adam ba. Ga shi kuwa al'adarmu ce, ran Lahadi in nama ya sauka, kowa ya tafa wa wanda ya gasa, a gidanmu kuwa kai ne mai gasawa. Gida duk ya ɗauka, ni na naɗe hannu.

Sai ka ce, "Kai Maɗaci, kuturta ce ta cinye yatsun?"

In ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

"Ƙarya kake, ka cinye har da na ƙanwarka! Ranar da ka tafa mini, na gama aikina a duniya."

Ka kuwa yi ƙoƙari. Yanka mai kauri daga gadon bayan bijimi, gishiri mai tsakuwa, garwashin busassun rassan inabi. Juyi ɗaya tak, kuma wanda ya soka masa cokali mai yatsu ya zama abokin gabarka. Kwalbar giya kakan buɗe ta tun kana hura wuta, wai ta sha iska. In naman mai kitse ne, ka kawo ja mai nauyi wadda ke kama harshe. In tsoka ce zalla, ka kawo mai sauƙi. Kakan ce aure ne, ba a haɗa masu faɗa biyu ɗaki ɗaya.

Shekarar da aka sallame ni daga makaranta na kulle kaina, ba na son ganin kowa. Ba ka yi mini wa'azi ba. Wuta ka hura a gindin tagata, kana fifita ƙamshin ciki da hularka kana waƙa, har yunwa ta fi ƙarfin baƙin cikina na fito. Tun daga ranar kujerata ba ta bar rumfar inabinku ba.

Da ciwon zuciya ya kama ka, likita ya hana ka nama da giya, amma bai hana ka gasa wa wasu ba. Lahadin ƙarshe kana zaune ka yi gashin, kana shinshinar kofina. Ban taɓa cin nama irin na ranar ba. Hannuwana suka tashi da kansu, sai na tuna maganarka, na danne su ƙarƙashin cinya.

Na ce, "Ya yi tauri."

Ka yi dariya har da tari. "Na gano ka, tsohon banza. So kake in ƙara wata Lahadin."

Haka ne, wata Lahadin nake nema, ba a ba ni ba.

Shi ya sa da aka sauke akwatinka a maƙabarta, maƙota suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Na tafa, na ƙara tafawa. Nelida ta juyo tana hawaye tana dariya, ta ce, "Yaya, sai yanzu?" Sai kowa ya ɗauka, har masu haƙa kabari.

Allah ya jiƙanka, Evaristo, ya yafe kurakuranka, ya zaunar da kai inda wasu za su yi maka hidima. Nelida, da 'yarku Griselda, da jikoki, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ka gama aikinka, mutumina. Gishirin bai taɓa yin kaɗan ba.